VCD ko DVD: shawarar da na ba kawuna a kasuwar Gujungu

Ranar wata Lahadi a kasuwar Gujungu kawuna ya iske ni a layin masu kayan wuta, riƙe da baƙar leda. Faya-fayai ne a ciki sun kai talatin, wasu a kwalinsu, wasu tsirara suna gogar juna. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗan nan, kai ka san kan abubuwan nan. Injinmu ya mutu tun bara. Ga guda biyu can wajen mai sayar da na hannu, ɗaya an rubuta masa VCD, ɗaya DVD, kuma na farkon ya fi sauƙin kuɗi. Wanne zan ɗauka?"

Na ce, "Kawu, mu samu inuwa tukuna mu ga abin da ke cikin ledar."

Na yi shekaru ina sayar da faifai da bayar da haya a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Daga Ƙofar Wambai nake sarowa, in ɗauro kwali a bayan mota in dawo. Yau shagon ya koma na cajin waya da tura fim, amma har yanzu da wuya wata ya wuce ba a yi mini irin wannan tambaya ba. Mutanen birni suna ɗauka zancen faifai ya ƙare. A wajenmu, inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, data kuma ke cin kuɗin cefane, akwai gidaje da yawa da inji da faifai ne kallonsu, kuma har yanzu akwai iyayen da ke sa injin a kayan ɗakin amarya.

Abin da na tarar a ledar Kawu shi ne abin da za ka tarar a yawancin gidaje: tafsirin azumi, wa'azi, finafinan Hausa, 'yan Indiya guda huɗu ko biyar. Sai wasu guda uku da babu hoto a bayansu, da alƙalami aka yi musu rubutu. Ɗaya na bikin babbar 'yarsa, ɗaya na walimar saukar ɗansa, ɗaya na ranar da ya dawo daga aikin Hajji. A na bikin akwai kakarmu, Allah Ya jiƙanta, tana zaune a tabarma ana gaishe ta. Waɗannan ukun su ne ainihin dalilin da ya sa yake neman inji, ko da yake bai faɗa ba.

Zancen inji gajere ne: a sayi na DVD. Injin DVD yana karanta faifan DVD, yana karanta VCD, yana karanta faifan sauti, yawancinsu har da MP3. Injin VCD kuwa ko za a kwana ana lallashinsa ba zai buɗe faifan DVD ba. Dalilin yana cikin idon injin. Faya-fayan biyu girmansu ɗaya, santimita 12, amma rubutun da ke jikinsu ya bambanta. A ɗauka gona ce da aka yi wa kunya ɗaya tal, ta faro daga tsakiya tana zagayawa har bakin iyaka. A faifan CD, wanda VCD ke kansa, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye maikuromita 1.6 ce (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). A DVD an matse ta ta koma 0.74, ƙasa da rabi ke nan, ramukan da ke ɗauke da bayanin su ma an ƙanƙanta su. Idon VCD yana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 780, wanda ya yi kauri da yawa ga wannan matsattsiyar kunya. Na DVD jan haske ne mai nanomita 650. Saboda haka masu ƙera injin DVD suka saba sa fitila biyu a cikin ido ɗaya, kowane faifai da tasa.

Wannan bayani yana da amfani a bakin rumfa, domin fitilar ɗaya tana iya mutuwa ta bar 'yar'uwarta. Na sha ganin injin da yake buɗe VCD lafiya lau, amma da an sa masa DVD sai ya yi ta juyi yana ƙara, daga ƙarshe ya rubuta cewa babu faifai. Na kuma ga akasin haka. Mai sayarwa zai gwada maka da faifan da ya san injin yana so. Kai ka zo da naka guda biyu, VCD ɗaya, DVD ɗaya, kuma ka bar kowanne ya yi kamar minti goma yana aiki, sannan ka danna a tsallaka zuwa can ƙarshen fim. Idon da ya fara gajiya yana iya karanta farkon faifai, sai an yi nisa ko injin ya ɗau zafi yake nuna halinsa.

Sauƙin kuɗin injin VCD kuwa, araha ba ta ado. Duk wanda ka gani a kasuwa yau ya tsufa, robar da ke jan tiren ta saki, kayan gyaransa sun yi wuya. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da DVD na hannu bai kai abin da za ka kashe a zuwa biyu wajen mai gyara ba.

Inda maganar ke da tsawo shi ne faifan kansa, domin nan ne mutane suka fi yin kuskure, wasu su raina VCD fiye da kima, wasu su amince da duk abin da aka rubuta wa DVD.

VCD ya fito a 1993. Kamfanoni huɗu ne suka haɗu suka tsara shi: Philips, Sony, Matsushita mai Panasonic, da JVC. A Turai da Amurka bai samu karɓuwa ba, don mutanensu suna da kaset ɗin VHS da suke ɗaukar shirye-shiryen talabijin da shi, kuma ba a jima ba DVD ya iso, a Japan a ƙarshen 1996, a Amurka a 1997. A Sin da Hong Kong da Malesiya da Indonesiya da Indiya ne VCD ya yi kasuwa, daga can kuma injinan masu araha suka kwararo mana. Wanda ya yi zamanin kaset ya san abin da ya sa muka rungume shi hannu biyu. Kaset yana yin fumfuna da damina, inji yana tauna zarensa, sai ka mayar da shi baya kafin ka sake kallo, kuma kowane kwafi yana fin wanda aka kwafo shi daga jikinsa dishi-dishi. Faifai ya zo ba nauyi, ba mayarwa baya, kwafi na goma daidai yake da na farko. Wannan sauƙin kwafin ne kuma ya zame wa masu shirya fim a Kano ciwo, domin VCD ba shi da makulli ko kaɗan, duk mai kwamfuta yana iya buga ɗari a dare ɗaya.

Ta fuskar hoto, DVD ya yi wa VCD nisa. A tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, wato ɗigo dubu ɗari da 'yan kai. Na DVD 720 ne da 576, sama da dubu ɗari huɗu. Ninki huɗu ke nan. Sai dai ko za ka ga wannan bambanci ko ba za ka gani ba, ya danganta da akwatin da ke ɗakinka. A tsohon talabijin mai tudun baya, inci 14 ko 21, VCD yana fita da kyau daidai gwargwado, don gilashin irin wannan akwati yana lulluɓe aibin hoto. Shekara da shekaru haka muka yi kallo ba mu ga laifinsa ba. Ranar da ka jona shi da filasma mai inci 43, wadda ke da ɗigo sama da miliyan biyu, sai akwatin ya ja hoton ya baza shi kusan ninki ashirin. Fuska ta zama kamar an shafa mata man shanu, rubutun ƙasan fim ya dagule, in ana rawa ko doki ya ruga a guje sai ka ga hoton ya farfashe gida-gida kamar zanen tabarma. Mutane da yawa sun kawo mini ƙarar cewa sabuwar filasmarsu ba ta da kyau, alhali faifan ne iyakar ƙarfinsa ke nan. DVD ma ba ya cika filasma, amma yana tsayawa da mutuncinsa.

Kawu yana da tsohon akwati inci 21, don haka na ce masa faya-fayan VCD ɗinsa ba su da wata matsala, kada ya bari wani ya ce masa ya zubar ya sake saye.

Sai tsawon lokaci. Faifan VCD yana ɗaukar minti 74, ko 80 in mai megabayit 700 ne. Fim ɗin awa biyu sai faifai biyu, na Indiya mai awa uku sai uku. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo ya san yadda ake yi in faifai ya ƙare ana tsakiyar rigima, yara su hau ihu, mai gida yana laluben na biyu da tocila. In kuma na biyun ya ɓata ko maƙwabta suka ara ba su dawo da shi ba, na ɗayan ya zama marar amfani. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, abin da ya isa fim na awa biyu da ɗoriya da hoto mai kyau. Mai shimfiɗa biyu yana ɗaukar 8.5.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi lissafi tare da ni, saboda akwai wata yaudara da ta daɗe tana cin kuɗin mutanenmu. VCD yana cin kusan megabayit 10 da rabi a kowane minti ɗaya na kallo. In ka raba gigabayit 4.7 da wannan, za ka samu awa bakwai da rabi. Ma'ana, in aka cika faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya da kallon awa bakwai da rabi, hoton ya riga ya sauko daidai da na VCD. Mai shimfiɗa biyu zai kai awa goma sha uku da wani abu. To, ga faifai a kasuwa an rubuta masa fim takwas a ɗaya, ko goma sha biyu, ko ashirin, kwalinsa yana ƙyalli, har da tambarin Blu-ray a kusurwa. Finafinan Indiya takwas sun haura awa ashirin. Ta ina za su shiga? Sai dai a matse hoton ya koma ƙasa da na VCD, ko a yanke waƙoƙi da wasu fitowa, sau da yawa ma a haɗa duka biyun. Tambarin Blu-ray ɗin nan ado ne kawai. Blu-ray na gaskiya, wanda ya fito a 2006 yana ɗaukar gigabayit 25, da shuɗin haske ake karanta shi, injin DVD ba ya ko ganinsa. In faifai ya buɗe a injinka na DVD, to DVD ne.

Ba na cewa kada a sayi mai tarin finafinai. Uwar gida da ke son abin da zai zaunar da yara wuni guda da kuɗi kaɗan, ya yi mata. Amma a saya da sanin cewa yawa aka saya. Fim guda a kan VCD biyu na asali ya fi irin wannan DVD kyan hoto, kuma ya fi shi jure wahala, domin a faifan da aka cusa wa awa ashirin, karce ɗaya yana cinye fitowa guda.

Sauti ba sai an daɗe a kansa ba. VCD yana da layi biyu, hagu da dama, kuma sun wadatar ga tafsiri da wa'azi da waƙa. Akwai faya-fayan da aka sa wa harshe ɗaya a hagu, wani a dama, in ka ji murya biyu suna hawan juna sai ka danna maɓallin L/R a rimot. DVD yana iya ɗaukar layin sauti har takwas da rubutun fassara har 32, amma a gidan da sifikar talabijin ce kaɗai ke magana, wannan duk ba ya ƙara komai. Wanda karatun malami yake so ya ji, VCD ya ishe shi har abada.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarko, don shi ne ya shafi faya-fayan nan uku na Kawu. Yawancin mutane suna kiyaye cikin faifai, wato gefen da ke ƙyalli, su kifa shi a kan tebur ta bayansa. A VCD wannan kuskure ne babba. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce garai, bayanin kuwa yana can sama, dab da bayan da ake rubutu a kai, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe shi. Karce ta ciki robar ya taɓa, ana iya gogewa a samu sauƙi. Karce ta baya bayanin ya kankare, ba mai dawo da shi. Ɗaga faifan ka duba shi a rana: in ka ga haske yana ɓullowa ta wasu 'yan ƙofofi kamar rariya, wurin ya tafi. Shi ya sa rubutu da biro a bayan VCD ɓarna ne, haka ma manna takarda, domin ran da zafi ya ɗaga takardar tana iya tahowa da fatar faifan. DVD an gina shi daban. Faranti biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanin yana tsakiyarsu, don haka karcen baya ba ya isa gare shi da wuri. Nasa raunin yana wajen mannewar. In ana lanƙwasa shi wajen ciro shi daga kwali, ko ya sha zafi, sai farantan su fara rabuwa daga ramin tsakiya, iska ta shiga, ka ga wani tabo kamar na ruwa yana yaɗuwa.

In karce ya samu cikin faifai, halinsu ya bambanta a abin da na gani. VCD yakan farfashe gida-gida, ya yi 'yar ƙara kamar ta tsuntsu, ya wuce. An rage masa wani kaso na kariyar kuskure don a samu wurin cusa minti 80, shi ya sa ƙaramin karce ma yana nunawa a hoto, amma ba kasafai yake tsayawa ba. DVD yana haɗiye ƙananan karce ba ka ma sani ba, sai dai in ya gamu da babba yakan sandare wuri ɗaya, dole ka tsallake babin gaba ɗaya.

Akwai kuma wani bambanci da ya fi na VCD da DVD muhimmanci, wato tsakanin faifan da aka buga a masana'anta da wanda aka ƙona a kwamfuta. Juya cikinsa ka gani. Na masana'anta fari ne kamar azurfa, an danna rubutunsa a jikin roba. Wanda aka ƙona yana da launi: CD yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinare, DVD yakan yi ruwan shanshanbale. Launin nan wani rini ne da hasken kwamfuta ya ƙona ya yi rubutu a kansa, kuma rini ba ya shiri da rana da zafi. Duk faifan biki da na suna da na sauka irin wannan ne. Ka tuna yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a waje, sannan ka tuna faifan yana kan talabijin ko a taga. Yana iya lalacewa ba tare da ko karce ɗaya ba. Finafinan kasuwa in sun mutu ana samun wasu. Na bikin 'yarka kwafi nawa ne a duniya? Mai ɗaukar hoton ya daɗe da goge nasa, wataƙila ma ya bar sana'ar.

Ƙura kuma ita ce ajalin inji a ƙasarmu. Da hunturu takan shiga ta kwanta a kan idon, sai inji ya fara ƙin faifai. Kafin ka ce ya mutu, a buɗe a share idon a hankali da auduga. A rufe inji da ƙyalle in ba a kallo, a cire ƙyallen in an kunna don ya sha iska. Faifai kuma da tsumma mai laushi ake goge shi, daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. In ka bi shi zagaye, karcen da za ka yi zai bi kunyar rubutun ya shafe dogon wuri.

Wani abin da ke kama masu sayen na hannu shi ne makullin yanki. VCD ba shi da wannan, na kowace ƙasa yana buɗewa a ko'ina. DVD na manyan kamfanonin fim an raba masa duniya gida shida. Najeriya da yawancin Afirka da Indiya suna yanki na 5, Amurka na 1, Turai da Japan da Saudiyya na 2, Sin na 6. Ƙananan injinan Sin da suka cika kasuwanninmu galibi ba ruwansu da wannan, komai suna ci. Injin babban kamfani da aka kwaso daga Turai ko Amurka shi ne zai iya ƙin faifan da ba na yankinsa ba, ko ya ƙi wanda aka ƙona a kwamfuta. A duba bayansa kuma a ga ƙarfin wutar da yake sha. Tamu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In ba a rubuta cewa yana ɗaukar daga 100 zuwa 240 ba, jona shi kai tsaye ƙona shi ne. In kuma hoto ya fito fari da baƙi ko yana birgima, ba lalacewa ba ce, a nemi maɓallin N/P a rimot a mayar da shi PAL.

Wutar da injin kansa ke ci kaɗan ce, tsakanin VCD da DVD babu wani bambancin a zo a gani. Tsohon talabijin ne mai shan wuta, ya ninka injin sau da yawa. Gidan da ƙaramar sola ce da batir ɗaya, ya fi musu sauƙi su nemi ɗan DVD mai buɗewa kamar littafi, mai allonsa a jiki, wanda ake rubuta wa EVD a kasuwa, yana aiki da wuta 12. A ƙaramin allo irin nasa VCD yana fita tas. Rauninsa batirin ciki da ba ya daɗewa, da murfin da yara ke saurin karyawa.

Na san wani zai ce, duk wannan wahalar ta mece ce, ga memori ga waya? Ni ma da tura fim nake ci yanzu, ba zan kushe shi ba. Memori ba ya karcewa, ƙura ba ta dame shi ba, guda ɗaya yana ɗaukar abin da buhun faifai zai ɗauka. Don kallon yau da gobe ya fi faifai ta kowace fuska, kuma shi ya sa na ce wa Kawu ya zaɓi injin DVD mai ramin filas a gaba. Sai dai a san iyakarsa: ramin filas na yawancin injinan nan yana buɗe fayil irin AVI da MPG da DAT da VOB, amma sau da yawa yana ƙin MP4 ɗin da ake tura wa waya, kuma ba ya ɗaukar hoton da ya fi na DVD girma. Ka gaya wa mai turawa cewa a injin DVD za ka kalla.

Amma akwai abu biyu da faifai ya fi memori, kuma a ƙauye suna da nauyi. Na farko, ba a goge faifai bisa kuskure. Sau nawa aka zo shagona ana kuka, yaro ya danna wani abu komai ya tafi, ko waya ta faɗa rijiya, ko an sace ta a kasuwa, ko memorin jabu ne ya cinye abin da aka zuba masa? Na biyu, faifai yana zama a gida. Bikin mata, kamu da wankan amarya da zaman ɗaki, in yana kan faifai sai wanda aka ba aro ne zai gani, kuma an san hannun da yake. Ran da ya hau waya ɗaya, kafin sati ya zaga gari, wataƙila har ya kai TikTok, matan aure suna rawa a cikin gidansu duniya tana kallo. Na ga auren da irin wannan ya girgiza. Haka nan uba yana iya sanin faya-fayan da ke ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba zai iya yi da memorin da ya kai ƙwayar gyaɗa ƙanƙanta ba.

Don haka ga wanda zai yi biki bana, in mai ɗaukar hoto ya tambaye ka a kan me za a sa maka, kada ka karɓi VCD. Kyamarar yau, ko ta waya ce, tana ɗaukar hoton da ya ninka na VCD sau da yawa, mayar da shi VCD zubar da abin da ka biya ne. Ka ce a ba ka DVD kwafi biyu, kada a cusa fiye da awa biyu a kowane faifai, sannan a ba ka ainihin fayil ɗin a filas ɗin da za ka adana a akwati, ba wanda ake yawo da shi ba. Kwafi ɗaya na faifan a ɗakin amarya, ɗaya a wajen mahaifiyarta.

Ga mai tsohon VCD kuma, akwai masu cewa kawo a mayar maka da shi DVD hoton ya ƙara kyau. Ba zai ƙara ba. Ɗigon da ba a ɗauka ba tun farko babu inda za a samo shi, sau da yawa ma juyawar tana rage masa. Abin da ake bukata kwafi ne kawai, kuma aikin minti kaɗan ne. A sa faifan a kwamfuta mai tire, a buɗe jakar da ake kira MPEGAV, a ciki akwai fayil mai suna AVSEQ01.DAT, wani lokaci da na biyu da na uku. Su ne fim ɗin. A kwashe su yadda suke. Manhajar VLC tana buɗe su, in an canza ƙarshen sunan ya koma mpg yawancin injina ma suna karɓa. Na DVD suna cikin jakar VIDEO_TS, a kwashe jakar dukkanta. Sababbin kwamfutocin hannu sun daina zuwa da tire, masu shi suna raguwa kowace shekara, don haka wanda zai yi ya yi tun ana samu. Ka tsaya a kai har a gama, ka tabbatar mai shagon ya goge abin da ya sauka a kwamfutarsa, musamman in na mata ne. Faifan kuma kada a yar, a mayar da shi kwalinsa, a tsaye, a ƙasan akwatin kaya inda ya fi sanyi.

Kawu ya ɗauki na DVD, bayan mun gwada shi da faifai biyu mun kuma sa mai rumfar ya nemo masa rimot, don injin da ba rimot rabin inji ne, ba ka iya zaɓar komai a allon farko. Muka ƙara da sabuwar waya mai kai uku, rawaya ta hoto, ja da fara na sauti.

Da daddare bayan isha'i aka tayar da janareta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Faifan sauka ya buɗe, na Hajji ya buɗe. Na bikin shi ne aka manna wa takarda, gefenta ɗaya ya ɗago. Ya yi ta tafiya lafiya har wajen da kakarmu ta ɗaga hannu tana sa wa amarya albarka, Gwaggo ta kai gefen mayafi ido. Can gaba kaɗan, wajen minti na arba'in, hoton ya farfashe ya tsaya cak. Muka tsallaka, ya ƙi.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, wannan wurin ya tafi ke nan?"

Na ce, "Ƙarshen ya tafi, Kawu, amma wurin Inna yana nan. Kada a sake sa shi a inji. Ku ba ni shi a kwalinsa, jibi zan shiga Kano, akwai manhajar da ke kwaso abin da ya rage ta tsallake wurin da ya lalace."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani tsohon rawani, ya naɗe faya-fayan uku a ciki ya miƙo mini.